Yadda ake tantance takardar neman tallafin bincike da ɗalibi ya rubuta

1. Fara karanta sharuɗɗan mai ba da tallafin: adadin shafuka, iyakar kuɗi, sassan da ya buƙata. Takardar da ta saɓa musu, a mayar wa mai ita komai kyanta.

2. Karance ta sau ɗaya ba biro a hannu.

3. A karo na biyu, nemo matsalar da ɗalibin yake son warwarewa. In ka kasa faɗinta a jimla ɗaya, bai fayyace ta ba. Sai ka bi manufofin ɗaya bayan ɗaya zuwa sashen hanyar bincike. Nan ɓaraka ta fi yawa: manufa huɗu a sama, amma biyu kaɗai aka nuna yadda za a cimma. Duba jadawali ma, domin ɗalibai kan manta lokacin jiran izinin gudanar da binciken da na nazarin bayanai.

4. Haɗa lissafin kasafin da kanka. Kuɗin da ba shi da aiki a jadawali, ja masa layi.

5. Raba maki 100, misali: matsala 25, hanya 40, kasafi da jadawali 25, rubutu 10. Zaƙin rubutu na ruɗin mai dubawa, shi ya sa kasonsa kaɗan ne.

6. Mutum biyu su ba da maki kowa daban. Tazara ta wuce 10, su zauna su daidaita.