Darasi na 7: Mai ciwon hanji da numfashi ya fara yi wa wuya

To 'yan uwa, kowa ya ɗauko allonsa.

Akwai wani ciwon hanji mai daɗewa shekara da shekaru, kumburi ne a cikin hanji, zawo ya tafi ya dawo, wani lokaci har da jini, ciki na murɗa mutum na ramewa. Iri biyu ne, ɗaya ana ce mishi Crohn (ku karanta Kuron), ɗayan gyambon babban hanji. Ba irin zawon nan ba ne da ke wucewa cikin kwana 3.

Wannan kumburin kan ɓullo a maƙogwaro, hanyar iska ta matse kamar tiyon ruwa da aka taka. Kada ku yi mamaki, tun muna cikin uwa hanji da hanyar numfashi tushensu ɗaya. Mutane kaɗan ne yake samu, amma yana iya zuwa ko bayan an yi aiki an cire hanjin. Za ka ji tari ya ƙi ƙarewa, murya ta dishe, in ka ja numfashi ana jin ƙara kamar fito, tafiya kaɗan sai haki.

Yanzu ga wurin da kullum kuke tuntuɓe. In ka je asibiti, ka gaya wa likita kana da ciwon hanji. Ku rubuta: INA DA CIWON HANJI. Inna, sannu, sake rubuta H ɗin, yauwa, haka. In tari kawai ka faɗa, za a ɗauka asma ce ko ƙurar hunturu, ka koma gida da maganin da ba naka ba. To me za ka faɗa? Ina da ciwon hanji. Ko bai tambaya ba ka faɗa. Ku sake rubutawa sau 5, ku sa takardar cikin karnen asibiti, wato ɗan littafin da likita ke rubutu a ciki.

Haba jama'a! Na tambaya an yi tsit. Kunyar faɗin zawo ce? Likita ya ji abin da ya fi haka. A sake: ina da ciwon hanji.

Magani: akwai na rage kumburi irin su kortizon, wani ma buɗa hanyar ake yi da na'ura. Amma a fara duba tarin fuka tukuna, kuma kada a saya wajen masu talla a kasuwa.

In numfashi ya shaƙe, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.