Yadda ake zaɓen na'urar sauraron ɗakin yara

Ƴan uwa iyaye mata, wannan na'urar da ake ajewa a ɗakin yara don ki riƙa jin motsinsu kina kicin ko kina falo ba a sayenta don kyan kwali, gidanki ne zai faɗa miki wadda ta dace. Guda biyu take zuwa, ɗaya tana zama wajen yaro tana ɗaukar sauti, ɗayar kuma tana hannunki.

Da farko ki dubi ginin gidan. Za ki ga an rubuta mita 300 a kwali, to wannan a fili ne inda ba abin da ya tare, a cikin gida su kansu kamfanonin irin su Philips Avent kusan mita 50 suke cewa, mu kuma ginin mu bulo ne da siminti, in gidan sama ne ga rufin kankare cike da rodi, duk suna cin sigina. Don haka kafin ki biya kuɗi ki yi magana da mai shago, in an kai gida bata kama daga ɗakin yara zuwa kicin ba zai canza miki. In ya ƙi ki nemi wani shagon.

Na biyu maganar wuta, kuma wallahi nan ne aka fi samun matsala. Yawancinsu ta hannun uwa ce ke da batir, ta wajen yaron sai an jona ta a soket, kinga ana ɗauke wuta ta mutu, ke kuma kina can kin saki jiki kina ganin shirun barci ne alhali yaro na ta kuka. Ki nemi wadda duka biyun ke da batir, ko wadda take amfani da wayar USB yadda za ki iya jona mata pawa bank. Sannan ki tabbatar tana ƙara in sadarwa ta yanke tsakaninsu, ki gwada a gaban mai shagon, ki kashe ta yaron ki ji ko ta hannunki za ta yi ƙara. In kuma daga Amurka aka kawo miki ko ta gwanjo ce, juya adaftar ki karanta, wutarsu 120 ce tamu 230, in ba ki ga an rubuta 100-240V ba kar ki jona, ƙonewa za ta yi.

Na uku, mai murya kawai ko mai hoto? Ni dai a ganina mai murya ta wadatar da yawancin gidaje, ta fi sauƙin kuɗi kuma batirinta ya fi daɗewa. Ki duba ko an rubuta DECT a jiki, irin wannan muryarta na fita tas kuma ba ta haɗuwa da ta maƙwabta. Mai hoto tana da amfani in yaran sun fara rarrafe ko hawa kan abu, amma ki gwada ta da fitila a kashe da gidan sauro a sauke, don wani lokacin hasken kyamarar na dare yana bugun ragar sai ki ga fari fat, ba ki ganin yaron. Masu amfani da Wi-Fi kuwa kina iya kallo ta wayarki ko kina wajen aiki, sai dai data za su ci, kuma netwok na tafiya sun tsaya. In ita kika zaɓa dan Allah ranar farko ki canza lambar sirrin da ta zo da ita, an sha samun waɗanda suka yi kutse cikin irin waɗannan kyamarori, ɗakin ƴaƴanki kuwa ba wajen kallon baƙo bane.

Sai ƙananan abubuwa. In kin ga an rubuta VOX, wani tsari ne da ke sa ta yi shiru sai yaro ya yi sauti, yana rage cin batir. Fitilun da ke hawa in kuka ya yi ƙarfi suna da amfani sosai ranar da janareta ke ruri ko kina markaɗe. Maɓallin magana kuma yana ba ki damar cewa "gani nan zuwa" tun daga kicin. Waƙoƙin lallashi da sauran tarkace kar ki ƙara ko naira a kansu.

Na ƙarshe wajen ajewa, kuma wannan ba abin wasa bane. Na'urar da wayarta su yi nesa da gadon yaro aƙalla mita 1, kar a rataye ta a jikin gado ko a ɗora kan katifa, domin an samu jarirai da wayar ta shaƙe. Ki ɗora ta kan durowa ko kanta mai tsayi, a manne wayar a bango, nesa da fanka don kar ƙarar iska ta rufe muryar yaron. Jariri sabon haihuwa kuwa likitocin yara sun fi son ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6, na'urar ta barcin rana ce da lokacin aiki. Bayan an saka, ki sa wani ya yi magana a hankali kusa da gadon, ke kuma ki zagaya kicin, bayi da tsakar gida ki ji inda take yankewa.