Ƙara wa injin mota ƙarfi a Damagaram: kurakuran da ke fasa fistan da haddasa rigima

Duk mai Golf GTI, ko BMW 335i, ko wata mota mai turbo a garin nan, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce masa ya kawo a taɓa mata ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ta ƙara gudu. Maganar ba ƙarya ba ce. Golf 7 GTI tana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki 220, kuma da sabon fayil kawai, wato sabon saitin da ake rubuta wa ƙwaƙwalwar, ba a kwance ko noti ɗaya ba, tana iya kusantar 300. Abu uku fayil ɗin ke canzawa: yawan iskar da turbo ke cusawa, yawan man da ake fesawa, da lokacin da buji ke ba da wuta. Kamfani da gangan ya bar rara a waɗannan ukun, don motar ta jure mugun fetur da zafi da sakacin mai ita. Mai ƙara ƙarfi wannan rarar yake cinyewa. Mu kuwa a Damagaram, tun kafin a taɓa komai, rana da ƙura da irin man da muke samu sun riga sun ci wani kaso nata. Kusan duk ɓarnar da ake gani daga mance wannan take tasowa.

Fayil ɗin Turai a kan man gida

Yawancin fayilolin da ake saye ta intanet an rubuta su ne don fetur mai oktan 98, wasu 95; oktan shi ne awon yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. A tashoshinmu kala ɗaya ake zuba maka, ba ka da zaɓi. In fayil ɗin daga Amurka ya zo, lissafinsu ma daban ne: 93 nasu ya yi daidai da kusan 98 na Turai, 91 nasu kuma kusan 95. Mutum ya ga an rubuta 91 ya ɗauka ya dace da mansa, alhali ba haka ba ne.

Idan oktan ya gaza abin da fayil ke tsammani, ragowar man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi. Shi ne ƙwanƙwasar injin. Wani lokaci za ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙananan ƙusoshi in ka taka, amma a motocin zamani sau da yawa kunne ba ya kama ta. Kowane bugu yana sauka a kan fistan, yana fasa gefen da ke riƙe zobe, yana cin gasket, yana dukan metal ɗin sandar fistan. Ƙwaƙwalwa tana da na'urar jin wannan bugun, in ta ji sai ta jinkirta wuta don ta kare injin, sai dai akwai iyakar da ba ta wucewa. Mafi muni, wasu masu arhar fayil sukan rage wa na'urar ji don kada ƙarfi ya sauka. Mota za ta yi daɗin tuƙi na ɗan lokaci, ranar da ta tashi lalacewa kuma babu gargaɗi.

Gyaran shi ne a faɗa wa mai rubuta fayil gaskiya tun farko: man ƙaramin oktan ne, zafin gari kuma yakan haura digiri 40 a watannin Afirilu da Mayu. A nemi fayil mafi sauƙi, ko da dokin da za a samu bai kai rabin na talla ba. Bayan an saka, a jona na'urar bincike a yi gwaji: giya ta uku, daga zagayen injin 2,500 a minti zuwa wajen 6,000, ana karanta jinkirin wuta na kowane silinda. Digiri ɗaya ko biyu da ke zuwa su wuce ba matsala ba ne. In ana ganin huɗu ko biyar a jere, musamman a silinda fiye da ɗaya, a rage iska ko a mayar da fayil na asali ranar nan. A duba ma'aunin lamda kuma, wanda ke nuna yawan iska a kan mai: a cikakken taki ya kamata ya tsaya tsakanin 0.78 da 0.85. In yana hawa wajen 0.90 ko fiye, mai ya yi kaɗan, zafin cikin silinda na neman narka fistan.

Lokacin gwajin ma yana da muhimmanci, kuma nan ake yawan yaudarar kai. Fayil ɗin da ya yi lafiya da asubar hunturu ba shi ne shaida ba. A gwada da rana tsaka, injin ya riga ya ɗau zafi, da man da za a riƙa sha kullum. Mutum biyu ake bukata, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon na'ura, a miƙaƙƙiyar hanya wadda babu gari, babu dabbobi, babu amalanke. Cikin gari ba wurin wannan aikin ba ne ko kaɗan.

Motar da aka taɓa ba ta shan man kwalba na bakin titi. Man da ya wuni a rana ya rasa sassansa masu saurin tashi, ga ƙura, ga ruwa, wani kuma an surka shi da kananzir, wanda ke kayar da oktan ƙasa warwas. Matatar man fetur ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut tana aiki tun 2011, saboda haka a zaɓi tasha ɗaya mai yawan ciniki a tsaya a kanta. Ƙananan robobin ƙarin oktan kuwa, da yawansu in sun ce suna ƙara maki uku, 0.3 suke nufi. Ba sa mayar da man tasha ya zama 98.

Ɗora kaya a kan injin da ba shi da lafiya

Motocin da ke iso mana sun riga sun yi shekaru a hannun wasu, awon kilomitan da ke fuskarsu ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Kafin a yi maganar fayil, a auna matsin kowane silinda. Bambanci tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A cusa iska cikin bututan turbo a saurari inda ke yoyo. A karanta duk lambobin matsala da ke ajiye a ƙwaƙwalwa, a gyara dalilinsu, ba gogewa kawai ba.

Kowane injin da inda ƙafarsa ke ciwo. A Golf 5 GTI, ɗan ƙaramin ƙoƙon ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da famfon mai mai babban matsi yakan cinye har ya huje, ya lalata kamshaf ɗin. Noti uku ne a ciro famfon a duba. Robar bawul ɗin sakin iska ma takan yage. A Golf 6 GTI, abin da ke ɗaure sarkar injin na tsohon samfuri yakan saki, sarka ta tsallake haƙori, bawul su haɗu da fistan. A 335i mai injin N54, bututun iska na roba yakan tsage da zarar an ƙara matsi, famfon mai da famfon ruwa na lantarki kuma sanannu ne wajen mutuwa ba sallama. Wanda bai da kuɗin canza waɗannan ba shi da kuɗin ƙara ƙarfi tukuna.

Buji sabo ake sakawa, mai sanyi da mataki ɗaya, wato wanda ya fi na kamfani saurin fitar da zafi, a matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7, domin matsi mai yawa yana hure wutar da bakinta ya yi faɗi. A kula: a NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, a Bosch akasin haka.

In motar ba ta da turbo, kamar Toyota GT86 ko Nissan 350Z, fayil kaɗai ba ya ba da abin a zo a gani, ƴan dawakai ne kawai. Ƙananan akwatunan da ake sokawa a ramin da ake jona na'urar bincike suna ƙyalla fitila kuwa asarar kuɗi ce zalla.

Zafi da ƙura

Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, kuma dole zafin ya sami hanyar fita. Iskar da turbo ya matsa tana fitowa da zafi sosai, radiyatar iska ce ke sanyaya ta. In iskar waje ta kai 43, ƙaramar radiyatar kamfani ba ta iya yin abin da take yi a Jamus. Da iskar shiga ta haura digiri 55 zuwa 60, ƙwaƙwalwa za ta fara janye ƙarfin da aka biya kuɗi aka saya. Babbar radiyatar iska ta fi kowace salansa mai ƙara amfani a garin nan, kuma ita ya kamata a fara saye.

Al'adar cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, da zuba ruwan famfo tsagwaronsa ba ta da wuri a irin wannan injin. Ruwan rijiya da na famfo suna barin gishiri a cikin radiyata, suna cin alminiyam. A yi amfani da ruwan sanyaya na gaskiya, a wanke bayan radiyata daga ciki zuwa waje saboda yashi da ciyayin da ke toshe ta. Man injin kuma a bi lambar da kamfani ya rubuta, 502 00 a Volkswagen, LL-01 a BMW, a juye shi duk kilomita 5,000. Bayan doguwar tafiya, a ce daga Maraɗi, a sassauta gudu a kilomitocin ƙarshe, a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe, kada mai ya ƙone a cikin turbo.

Matatar iska mai siffar mazurari da ake bari a buɗe cikin bonet tana da kyau a ido, tana ba da ƙara, amma iskar zafin injin take zuƙa, kuma ba ta tare ƙurar hunturu kamar ta takarda. Ƙurar nan tana goge fukafukan turbo, tana cin bangon silinda. Man da ake shafa wa matatar kuma yakan ɓata na'urar auna iska. Akwatin kamfani da matatar takarda mai kyau, ana canza ta a kan kari, sun isa in fayil kawai aka canza.

Fayil ɗin da ke sa salansa ta riƙa harbi in an ɗaga ƙafa, mai ne yake ƙonawa a cikin turbo da salansa. Ba ya ƙara ko doki ɗaya, yana rage wa turbo kwana, yana hana maƙwabta barci. Ba mu ga dalilin saka shi ba.

Ranar saka fayil

A karanta fayil na asali a ajiye shi wuri biyu kafin a rubuta komai, mai mota ya tafi da kwafinsa. A jona batir da na'urar da ke riƙe wuta wajen bolt 13, kwamfuta kuma ta kasance a cike, domin in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu ƙwaƙwalwa na iya mutuwa, kuma sabuwa sai an haɗa ta da makullin motar. Na'urorin jabu masu kwaikwayon KESS, na'urar rubuta fayil, sun kashe ƙwaƙwale da yawa ta wannan hanyar. Lambar ƙwaƙwalwa da lambar manhajar cikinta dole su dace da fayil ɗin. Sunan mota iri ɗaya bai wadatar ba. Wanda ya ce zai kashe maka fitilar gargaɗi don kada ta dame ka, ka ɗauke motarka.

Giya da birki ma suna cikin lissafi. DSG, giyar otomatik ta Volkswagen, mai giya shida an yi ta don ƙarfin juyi na wajen 350 Nm, ana canza mata mai duk kilomita 60,000. Mai giya bakwai ta busasshen kuloci 250 Nm ce iyakarta. Kuloci na hannu in ya fara zamewa a giya ta huɗu, ya gama. A guji taka mai har ƙasa a babbar giya injin na ƙasa da zagaye 2,000. Aikin da birki ke yi a gudun 140 ya kusa ninka na 100, don haka man birki DOT 4 a canza shi duk shekara biyu, a kuma karanta lambobi huɗu na gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta.

Wa zai biya?

Injin in ya fashe, magana ɗaya ake ji. Mai mota ya ce, maigida, lafiya ƙalau na kawo maka ita. Mai garaji ya ce, Alhaji, man da ka zuba ne. Wanda ya aiko fayil daga wata ƙasa kuma wayarsa ta daina shiga. Ba a iya raba wannan gardamar in babu shaida, shaidar kuwa kafin aiki ake tara ta. A rubuta takarda ɗaya: kilomitan mota, awon matsin silinda, lambobin matsalar da aka samu, sunan fayil da oktan ɗin da aka rubuta shi dominsa, matsin turbo kafin da bayan aiki, da abin da garaji ya ɗauki nauyinsa da wanda bai ɗauka ba. Su biyun su sa hannu gaban shaida, a haɗa da hoton sakamakon gwaji. Makanikin da ya san aikinsa ba ya gudun wannan takardar, don shi ma tana kare shi.

Mai sabuwar mota da ke da garanti ya sani cewa mayar da fayil na asali ba ya goge sawu. Ƙwaƙwalwa tana ƙirga sau nawa aka rubuta mata, kuma a Volkswagen da Audi na'urar dila takan liƙa wa motar alamar TD1, daga nan kamfani na iya ƙin biyan gyaran injin da giya.

Inshora ma haka. Nijar tana bin dokar inshora ta CIMA, wadda ta wajabta wa wanda ya yi wa motarsa inshora ya sanar wa kamfanin duk canjin da ke ƙara haɗari cikin kwana 15. Ɓoyewa da gangan na iya soke yarjejeniyar, in kuma ba da gangan ba ne ana rage diyya. A kai sanarwar a rubuce, a karɓi kwafi mai hatimi.

Sai wajen sayarwa. Motar da aka ƙara wa ƙarfi, a faɗa wa mai saye da dillali, domin wanda bai sani ba zai zuba mata man kwalba a hanyar Magarya ya taka, injin ya tafi, rigimar ta dawo ƙofar gidanka, kuma ɓoye aibin haja haramun ne a ciniki. Mai saye shi ma kada ya tsaya ga rantsuwa. Ya sa a jona na'ura a kwatanta matsin turbo da na kamfani, a duba ko an taɓa ɓalle murfin ƙwaƙwalwa, a leƙa ƙarƙashi a ga ko katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan. In an taɓa ta, ya nemi fayil na asali ya shiga cikin cinikin, tare da makulli na biyu da takardun mota.