Yadda za ka tsayar da rubutun Mongoliya a kwamfuta

Ina da shagon buga takardu a Garwa, kullum cikin boko da Faransanci da ajami nake. Bara ɗan yayata da ke karatu a Hohhot, a yankin Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin, ya turo min saƙo: "Kawu, abokina ya rubuta wa Inna gaisuwa da rubutunsu, don Allah ka buga mata a kati." Ina buɗe fayil sai ga akwatuna fayau, jere kamar bulo. Kwana uku na yi a kansa, ga abin da na koya.

Fara da fon, wato salon zanen haruffa da kwamfuta ke amfani da shi. Akwatunan nan ba lalacewa ba ce, kwamfutar ce ba ta da hannun da za ta zana haruffan. A Windows akwai Mongolian Baiti, Google kuma na da Noto Sans Mongolian kyauta. Zaɓi rubutun duka, ka ɗora masa ɗaya.

In bai gyaru ba, tambayi harafin lambarsa. A Word, ajiye alamar rubutu a bayan harafi ɗaya ka danna Alt da X tare, zai koma lamba. Tun 1999 Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ware wa wannan rubutu gida daga 1800 zuwa 18AF, a lissafin da ke haɗa lambobi da haruffa. In ka ga 1820, harafin "a" ne, kana kan hanya. In kuwa lambar ta faɗa tsakanin E000 da F8FF, an yi rubutun da tsarin wani kamfani na kansa, sai ka roƙi mai turowa ya haɗo maka da fon ɗinsa.

Nan ne mai ajami ya fi kowa saurin ganewa. Dubi "ba" ta ajami: kamarta a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, amma lamba ɗaya kwamfuta ke ajiyewa, fon ne ke duba maƙwabta ya zaɓi siffa. Haka na Mongoliya yake, kuma ba banza ba: daga rubutun Uigur ya fito a zamanin Genghis Khan, asalinsa na komawa ga rubutun Aramiya, kakan da suka haɗa da Larabci. Da na gane haka sai na ji kamar na haɗu da ɗan'uwa a kasuwar wani gari.

Sai dai nasu ya fi namu sarƙaƙiya. Harafin "o" lambarsa 1823, "u" kuma 1824, amma a ido kamarsu ɗaya sak. Akwai kuma lambobin da ba a gani sam, daga 180B zuwa 180D, aikinsu su ce wa fon ya ɗauki wata siffar harafin maimakon wadda ya saba. Ita 180E tana ɗan raba wasalin ƙarshe da jikin kalma. Saboda haka kada ka taɓa sake buga kalma da ido, kada kuma ka goge abin da ka zaci tazara ce ta banza. Kwafa ka liƙa yadda ta zo. Ni na share irin wannan tazarar don layi ya yi kyau, wutsiyar kalmar ta canza, sai da yaron ya sake turo min.

Saura tsayuwa. Rubutun daga sama yake gangarowa ƙasa, layuka kuma suna tafiya daga hagu zuwa dama, amma kwamfuta a kwance take fara nuna shi. In layi ɗaya ne, sa shi a akwatin rubutu ka juya shi digiri 90 ta hannun dama. In ya wuce ɗaya, juyin zai kai layin farko can dama, gaisuwa ta fara daga ƙarshe. Ko dai ka ba kowane layi akwatinsa ka jera daga hagu, ko ka zuba rubutun a shafin HTML, irin fayil ɗin shafukan intanet, da umarnin writing-mode: vertical-lr, burauza ta tsara maka da kanta.

Kafin ka kai firinta, mayar da shi PDF don fon ya bi shi, ka ɗauki hoto ka tura wa mai harshen ya duba. Abokin yaron ya amsa washegari cewa daidai ne, na buga kati biyu a takarda mai kauri, na kai wa Yaya bayan la'asar.