Kurakuran da masu doguwar tafiya a keke suka fi yi idan ruwa ya sauko ko hanya ta toshe

Yawancin wahalar da matafiyi a keke yake sha a ranar ruwa tana farawa ne daga nacewarsa a kan zangon da ya tsara tun da safe. Ya ƙudurta zai kwana a wani gari mai nisan kilomita 90, don haka ko hadari ya taso, ko ya tarar an rufe hanya, sai ya ƙi sake lissafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jinkirin sa rigar ruwa har sai jiki ya jiƙe. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, kuma mai keke yana cikin iska ne a koyaushe, musamman a gangara inda ba ya taka feda balle jikinsa ya yi zafi. Saboda haka sanyi mai haɗari yana iya kama mutum ko da yanayin bai sauka ƙasa da digiri 10 ba. Alamominsa su ne karkarwa, da sandarewar yatsu har a kasa damƙe birki, da rikicewar tunani. A tsaya a sa rigar tun ana yayyafi, a guji kayan auduga domin suna riƙe ruwa, a zaɓi ulu ko yadin roba mai saurin bushewa. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a ware kaya guda busassu a ƙulle cikin leda, kada a taɓa su sai an sauka masauki. Washegari kuwa jiƙaƙƙun na jiya za a mayar, duk da rashin daɗinsu, domin wanda ya hau hanya da busassun zai kwana ba shi da ko ɗaya.

Kuskure na biyu shi ne tuƙi kamar hanya a bushe take. Birkin da yake kama bakin ƙarfen taya ba ya ci nan take idan ya jiƙe, sai tayar ta juya ta share ruwan, don haka dole a fara matsa shi da wuri, a hankali, kafin a isa kwana. Kwalta ta fi santsi a farkon ruwan da ya biyo bayan dogon fari, lokacin da mai da ƙura suka taso sama. Fentin layin titi da murfin ƙarfe na magudana da layin dogo duk suna zame taya, kuma layin dogo a miƙe ake tsallaka shi, ba a karkace ba. Rage iskar taya kaɗan yana ƙara mata kamun ƙasa. A kunna fitila gaba da baya ko da rana tsaka, domin direban da ruwa yake dukan gilashinsa ba ya hango keke da wuri.

Game da tsawa, akwai masu zaton tayar roba tana kare su, alhali ba ta kare kowa. Sauti yana tafiyar kilomita 1 cikin kusan daƙiƙa 3, don haka idan tsakanin walƙiya da ƙarar aradu bai kai daƙiƙa 30 ba, a nemi gini a shiga, a kauce wa bishiyar da take ita kaɗai a fili, kuma a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe.

Batun ratse hanya ya fi buƙatar natsuwa. Allon da yake nuna hanyar zagaye an kafa shi ne don motoci, kuma kilomita 20 da mota za ta cinye cikin minti 20 za su ci wa keke mai kaya fiye da awa ɗaya. Wasu suna bin allon ido rufe, wasu kuma suna ƙetare shingen ba su tambayi kowa ba, duka biyun kuskure ne. A tambayi ma'aikatan da suke wurin, domin sau da yawa hanyar da aka hana motoci tana da gefen da mai tafiya a ƙasa yake bi, ana iya tura keke a wuce. Idan gada ce ta karye ko ruwa ya shafe hanya, magana ta ƙare, a juya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma ba a ganin ramin da yake ƙarƙashinsa. A nan ne karin maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara take da cikakkiyar ma'ana.

Hanyar yanke da taswirar waya take nunawa ma abar tuhuma ce bayan ruwa, domin idan ta ƙasa ce, taɓo yana cushewa tsakanin taya da marfinta har ta daina juyawa. A tambayi mutum biyu ko uku, a fifita amsar masu keke da masu babur, domin mai mota yakan raina nisa kuma ba ya lura da hawa. A sauke taswira a waya tun ana da intanet, a riƙe ta takarda a cikin leda, tunda fuskar waya ba ta jin yatsa idan ta jiƙe. Da zarar an san tsawon sabuwar hanyar, a ƙidaya sauran awannin haske, a matso da masaukin kusa idan lissafin bai kai ba.

Saura keken kansa, wanda gajiya take sa a jingine shi haka nan. Ruwa yana wanke man sarƙa, yashi kuma yana cinye robar birki da sauri. A goge sarƙar a ɗiga mata mai tun da dare, a duba robar birki, a bi taya da yatsa a cire tsinin kwalba ko ƙaya da suka maƙale kafin su huda ta. Faci ba ya kamawa a jiƙaƙƙiyar roba, shi ya sa ya kamata a riƙe robar ciki guda biyu a canza a hanya, a bar facin sai an sami wuri busasshe.