Kafin ka biya kuɗin manhajar lissafin shago

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, shi ya sa abin da nake fara dubawa a kowace manhaja shi ne yadda take riƙe bashi. Cinikinmu ai na "ba ni kaya, zan turo ranar Juma'a" ne. Idan ba za ta nuna maka wane ya ɗauki turmi goma, ya biya na shida, saura huɗu ba, ajiye ta komai kyanta.

Sai ka kashe data ka gwada shigar da ciniki. Irin su Zoho Books da QuickBooks Online da intanet suke aiki, kuma ka san halin sabis a cikin kasuwa da rana tsaka.

Tambayi da wane kuɗi ake biya duk wata. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, abin da ake biya da dala ba shi da tabbas.

Lallai manhajar ta raba maka tsabar kuɗi da tiransifa da POS, don da yamma ka san inda kowace naira ta shiga. Yaron shago kuma ya iya shigar da ciniki, amma kada ya iya gogewa, kada ya ga ribarka. Ba zargi ba ne, kariya ce gare ku duka.

In kana karɓar VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kayan da aka sayar, duba ko tana lissafa kashi 7.5. Kuma lallai ta bar ka ka fitar da bayananka zuwa Excel, ko da wata rana za ka sauya manhaja.