Yadda Ake Amfani da Maganin Makero Har Ya Warke

Makero cuta ce da wani nau'in fungas (ƙwayar cuta dangin funfuna) ke haddasawa a fata da gashi, shi ya sa magungunan kashe bakteriya irin su amoxicillin ba sa taɓa shi. Waɗanda ke masa aiki, kamar clotrimazole da miconazole da terbinafine, suna hana fungas ɗin samar da sinadarin ergosterol wanda yake gina fatar ƙwayarsa da shi, don haka sai fatar ƙwayar ta riƙa yoyo, ƙwayar ta kasa yaɗuwa ko ta mutu.

Da farko a duba inda makeron ya fito. Idan a jiki ne, a wanke wurin da sabulu, a tsane shi sosai, sannan a shafa maganin sau biyu a rana, a zarce bakin da'irar da kamar santimita 2, domin a gefen nan mai ɓurɓushi cutar ta fi ƙarfi. Yawanci ana ɗaukar mako 2 zuwa 4, kuma da clotrimazole ana ci gaba da shafawa mako ɗaya ko biyu bayan tabon ya ɓace.

Kafin a saya, a karanta jikin kwalin. Idan an ga betamethasone ko clobetasol a ciki, a mayar da shi. Waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya samu lafiya, alhali sun raunana garkuwar fatar, cutar kuwa tana ta faɗaɗa a ɓoye.

Makeron kai, wanda ya fi addabar yara, shi ne inda iyaye suka fi shan wahala, domin fungas ɗin yana shiga cikin silin gashi inda man shafawa ba ya kaiwa. A nan dole a kai yaro asibiti a rubuta masa maganin sha, galibi griseofulvin, gwargwadon nauyinsa, na tsawon mako 6 zuwa 8. A ba shi bayan ya ci abinci mai maiƙo, kamar ƙosai ko madara, saboda maiƙo ne ke taimaka wa jiki ya tsotse shi. Ko da gashi ya fara tsirowa kada a dakata, kuma mai juna biyu ba ta shan wannan magani.

Sannan a ware wa yaron mataji da hula da matashin kai, a wanke su da ruwan zafi, a duba kan 'yan uwansa, a kuma tabbatar wanzami ya tsabtace askarsa kafin ya taɓa wani yaron.